Makunnin da Dada Ta Gano

Tun ranar da Badaruddeen ya ce ba zai zama likita ba, kakarsa Dada ta daina ce masa angona, ta koma ce masa mai kallon talabijin. A jami'a yake aiki a Dutsin-Ma, kullum yana gaban kwamfuta, ita kuma ba ta taɓa jin ya yi wa ko akuya allura ba.

Wata Laraba ta taso daga Tamawa za a duba mata ido. Da aka gama ta kafe sai an kai ta ofishinsa.

"Nuna mani abin da ya hana ka zama mutum," in ji ta.

Badaru ya ja mata kujera. Ya ce kowane sashe na jiki ƙwayoyin gado iri ɗaya yake ɗauke da su, amma kowace ƙwaya tana da makunni a gabanta. Hanta ta kunna nata, ido ya kunna nasa. Shi aikinsa tattara bayanan waɗannan makunnai a rumbu guda, don masu bincike su san wanne ke kunne a ina.

Dada ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Layuka ne ja da shuɗi.

"Waɗannan biyun mi ya sa suka yi kama haka?"

Badaru ya duba, ya yi tari, ya ce ba wani abu ba ne.

Linda, abokiyar aikinsa 'yar Kafanchan, ta juyo daga teburinta. "Mama, wannan ƙwaƙwalwa ce. Wancan kuma maraina. Makunnansu da yawa tare suke kamawa."

Dada ta sake duban layukan. Sai ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"La ilaha illallahu! Shekara hamsin ina faɗin haka a kan kakanka, ana ce mani ba ni da kunya!"

"Dada, ba haka ake fassara shi ba."

"Kai dai rufe baki. 'Yata, buga mani shi a takarda."

Linda kuwa ta buga mata, mai launi.

Kafin Juma'a takardar ta zaga gidajen suna uku a Tamawa, ta leƙa Kurfi. Duk namijin da ya buɗe baki zai yi wa mata bayani, sai wata ta ce, "Malam, wanne ne ya kunnu?"

Kawu Rabe ya hau babur har Dutsin-Ma, yana huci, ya ce Badaru ya zo ya ƙaryata a gaban jama'a. Badaru ya zo, ya tsaya a zaure ya yi bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa. Maza suka saurara da kyau. Da ya gama, wani dattijo ya gyara hula ya ce, "To, a taƙaice dai, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba ke nan?"

Badaru ya nemi takalmansa.