Dangin Wajen Inna

Da hantsi, sama ta yi lumshi amma ruwan ya ƙi sauka, Bishir ya sauke mutum na biyar a ƙofar asibiti a Kankiya. Tun asuba yake jigila da babur daga ƙauyukan Boko da Mawashi, yana kwaso baffanninsa. Wansa Audi na kwance a ɗakin maza, ciwon dajin hanta ya kumbura masa ciki kamar yadda ya yi wa innarsu bara waccan. Wata likita mai bincike ce ta ce a kawo dangi a ɗebi jini. Shi kuwa Bishir, in an ce dangi, ai na uba ne.

Likitar ta dubi tsofaffin a kan benci. "Malam Bishir, waɗannan ta ina?"

"Ta wajen baba."

"Kash. Na wajen uwa nake nema."

Baffa Sodangi ya dafa ƙugu. "Kai Bishir, ka gama karya ni a ramukan hanya don a ce jinina bai yi ba?"

Ta yi musu bayani a hankali. Cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu 'yan murhu masu ba su ƙarfi, kuma uwa kaɗai ke gadar da su. Ana duba ko lalacewarsu na da hannu a ciwon, ba a tabbatar ba tukuna. Ciwon shawara da gyaɗa mai fumfuna, waɗannan kam an san ɓarnarsu ga hanta.

Bishir ya tambayi abin da ke cin ransa. "Ɗiyata fa, Amatullah?"

"Ta wannan hanyar dai, namiji ba ya miƙawa."

Ya sauke numfashi. Bai gama saukewa ba ya tuna yayarsa, Adda Rahma, a Rimaye, da 'ya'yanta shida.

Sai da ya mayar da baffanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya isa Rimaye bayan la'asar, bayansa kamar an daka. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a faifai.

"Audi ne?" ta ce, hannunta ya tsaya.

"Yana nan da rai. Ke ake nema, Adda. Ke da yara."

Ya faɗa mata iya abin da ya riƙe. Ta ɗago kai daga faifan.

"Gadon da Inna ta bar mana ke nan?"

"Ba su tabbatar ba."

"In sun tabbatar, mi zan yi?"

Ta ci gaba da ɓara.

"Ka zo jibi," ta ce daga baya. "Sawu biyu za ka yi, ba za mu shiga babur ɗaya ba."

Ya zauna bakin tabarma, ya fara tsince baƙaƙen gyaɗar nan masu fumfuna yana zubawa a aljihu. Ta gani. Sai ta turo masa faifan kusa.