Ranar da Injin Mai Zarto Ya Tashi

"Ba haka ba, Wanzami! Noti kake kwancewa, ba gemu kake gyarawa ba. Danna sufanar da ƙarfi."

Wanzami ya ɗago kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Yana zaune dirshan a kan tabarma, injin yankan itace a tsakanin ƙafafunsa, an cire masa sarƙa da murfi, ya yi tik kamar kazar da aka fige. Mai injin kuwa, maƙwabcinsa da duk layin ke kira Mai Zarto, yana kishingiɗe a gado, an tokare masa baya da matasai, hannuwansa na rawa a kan bargo.

"Yaya, in ka ƙara daka min tsawa zan tattara in koma shagona."

"Wane shagon? Wanda za a sare maka ƙarshen mako?"

Maganar ta sami Wanzami. Shagon nasa ba wani abu ba ne illa kujera ɗaya da madubi da ya rataye a jikin babban mangwaron da ke ƙofar gidajensu. A inuwar nan ya yi wa iyaye aski, ya yi wa 'ya'yansu, yanzu ga jikoki. Sai ga iskar makon jiya ta tsage babban reshe, ya jingina a katangar Mai Zarto, kansa na lilo a saman rufin ɗakin. Mazan layin suka kira masu saran itace daga wata unguwa. Suka zo suka zagaya bishiyar sau ɗaya, suka ce tun daga gindi za a kayar da ita.

Mai Zarto, wanda ciwon zuciya ya kwantar tun farkon damina, ya sa aka tallafe shi zuwa taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gindin lafiyarsa ƙalau, reshe ɗaya ne ya mutu, kuma ba a yanke kai don haƙori na ciwo. Matsalar ita ce injinsa ya mutu tun bara, lokacin da wani ya ara ya ɗura masa fetur zalla ba tare da haɗa baƙin mai ba. Ga hannuwan mai shi ba su iya riƙe ko cokali. Shi ya sa ya aika aka kira Wanzami, ya ce a duk layin babu mai hannun da ba ya rawa kamar mutumin da ke ɗora aska a wuyan mutane.

Notin ya saki daga ƙarshe. Wanzami ya zare silinda, fistin ya fito fili, gefensa duk ya karce kamar an ja shi a kan kwalta. Ya miƙa wa Mai Zarto. Tsohon ya shafa da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Allah ya isa tsakanina da ɗan banzan nan. Ɗauko sabbin."

Tun da safe Wanzami ya riga ya shiga kasuwar kayan inji da sunan injin a bakinsa yana ta maimaitawa kamar ɗan makaranta, ya dawo da kwali: sabon silinda, fistin, zobba biyu, gaskit da fulogi. Yana cikin jera su a kan tsumma ke nan labule ya ɗaga. Auta ce, 'yar Mai Zarto, ta dawo daga aikinta na gidan burodi, ita ce ke jinyarsa tun da mahaifiyarta ta rasu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi warin fetur, fuskarta ta canja.

"Kawu, me nake gani haka? Likita ya ce ko ƙura kada ta shiga ƙirjinsa, ku kun mayar min da ɗaki gareji?"

"Wallahi 'yar nan, ni ma kama ni aka yi."

"Baba, ka sha maganinka?"

"Zan sha in an sa fistin."

Auta ta ajiye jakarta da ƙarfi. "Bishiya ce fa! A sare ta mana, a huta. Ni ta kai nake yi."

"Na ji abin da likitan ya faɗa miki a baranda," in ji Mai Zarto a hankali. "Zuciyata ce ta lalace, ba kunnena ba. Kwanakin da suka rage min, kina so in ƙare su ina ƙirga kwanon rufi?"

Auta ta juya. Ta buɗe taga duka, ta fita tsakar gida, aka riƙa jin ƙarar tukwane fiye da yadda girki ke bukata.

Aiki ya ci gaba. Wanzami ya ɗora sabon fistin a kan sandarsa, ya zura ƙarfen da ke riƙe shi, yana jin kansa kamar tsohon bakanike. Mai Zarto ya ce a matso masa da shi. Idanunsa sun yi rauni, don haka da yatsa ya lalubi kan fistin, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka sa masa wando a ka. Ka ji wannan 'yar kibiyar? Wajen salansa take kallo, inda hayaƙi ke fita. Juya shi."

Wanzami ya cire, ya juya, yana gunaguni. Saura 'yar ƙaramar waya mai lanƙwasa da ke hana ƙarfen zamewa, ba ta kai farcen jariri ba. Ya matse ta da hantsakin cire gashi, ya kai ta bakin ramin, sai ta yi tsalle, ƙis, ta ɓace.

Ya duba tabarma, ya ɗaga ta ya kakkaɓe. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito da yanar gizo a hula. Ya zazzage takalmansa. Mai Zarto ya daina dariya. Kwalin ba shi da wata, kuma in babu ita, injin zai ci kansa cikin minti kaɗan. Wanzami ya ji zuciyarsa ta nutse. Ba don inuwar ba ma, don fuskar tsohon da ya ga ta faɗa lokaci ɗaya.

Auta ta shigo da ruwa da magani. Ta dubi dattawan biyu, ɗaya a gado ɗaya a ƙasa, kamar yaran da aka ƙwace wa ƙwallo. Ta miƙa wa mahaifinta maganin, ya haɗiye ba musu. Tana gyara masa bargo sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago wani abu tsakanin yatsu biyu.

"Wannan kuke nema?"

"Allah ya yi miki albarka!" in ji Wanzami, har da tafi.

"Kawo hantsakin, Kawu. Ba a matse ta ta tsakiya. Gefe ɗaya ake fara sawa, sai a danne da babban yatsa."

Ta naɗe hannun riga ta durƙusa. Wanzami ya tuna cewa yarinyar nan ta tashi ne tana bin uban daji, ita ke riƙe masa galan, kuma kafin ta yi aure har gungume tana yankawa. Wayar ta shige da 'yar ƙara. Mai Zarto ya lumshe ido kamar wanda ya sha ruwan sanyi.

Daga nan suka zama su uku. Wanzami ya buɗa zobban a hankali ya zura su a jikin fistin, tsohon na cewa, "Sannu-sannu, sun fi ƙwai saurin fashewa." Auta ta shafe su da baƙin mai, ta shimfiɗa gaskit, ta matse zobban da yatsu, Wanzami ya sauko da silinda a kai har ya zauna daram. Suka ɗaure notunan silindar guda huɗu, wannan kusurwa sai waccan, yadda ya umarta. Suka wanke kafireta, suka mayar da salansa, suka ɗaura fulogi. Mai Zarto ya ce Auta ta ja igiyar tayar da injin a hankali. Ta ja, igiyar ta yi mata gardama.

"Kin ji ya riƙe?" in ji shi. "Yana numfashi."

Washegari da hantsi aka fito da shi ƙofar gida a kan kujerar askin Wanzami, an lulluɓe shi da bargo. Labari ya riga ya zagaya layin, mutane sun taru, wasu don fata, wasu don dariya. Auta ta haɗa mai a gabansa, ta taka injin da ƙafa, ta fizgi igiya. Shiru. Ta sake, ta sake, har numfashinta ya fara fita da ƙarfi. Wani daga baya ya ce a bar wahalar da mara lafiya. Wanzami ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Ya sha mai da yawa," in ji Mai Zarto, ko a jikinsa. "Wanzami, cire fulogi ka goge. Auta, ja shi haka nan ya fitar da abin da ke cikinsa."

Aka yi, aka mayar. Ta fizga, injin ya yi tari. Ta sake fizga, sai ya ɗauka da wata irin ƙara da ta tashi tsuntsayen mangwaron gaba ɗaya, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Layin ya kaure da ihu. Wanzami, dattijo da furfurarsa, ya tsinci kansa yana tsalle da tsohon fulogin a hannu yana cewa, "Ni na sa fistin! Wallahi ni na sa!" Mai Zarto ya karkata kai yana saurare, ya ɗaga yatsa ya sa aka ɗan juya wani ƙaramin sukuru a jikin kafireta, ƙarar ta daidaita, ta koma gurnani mai daɗi.

Maza suka ɗaure reshen da igiya suka riƙe ta can nesa. Auta ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta hau tsani ta tsaya a kan katanga. Uban ya riƙa nuna mata da hannu: ƙananan rassa tukuna, sannan ɗan yanka ta ƙasa, sannan ta sama. Garin katako ya riƙa zubowa a kan bargonsa da gemunsa, ya hana a matsar da shi. Reshen ya yi ƙara, ya rabu da uwarsa, mazan suka ja, ya sauka a tsakiyar titi, ko kwano ɗaya bai taɓa ba.

Babban dattijon layin ya zagaya gindin, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya ce a aika wa masu saran nan kada su wahalar da kansu. Auta ta sauko ta yayyanka reshen gunduwa-gunduwa, sannan ta kashe injin ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Yankan ya ɗan karkace," in ji shi.

"Baba!"

"Kaɗan. Ni ma sai da na yi furfura na daina." Ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

Bai ƙara fitowa ba. Amma a 'yan kwanakin da suka biyo baya ya ci abinci fiye da yadda ya ci duk daminar, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin fistin da aka sa a juye. Wata safiya ya aika a kira Wanzami da kayan aikinsa, ya ce ba ya so ya tafi da gemu kamar tsintsiya. Wanzami ya shafa masa kumfa, ya riƙe haɓarsa da yatsu biyu, ya shiga aiki.

"Yanzu kai ne a hannuna, Yaya. Ka yi min tsawa in gani."

Mai Zarto ya yi murmushi cikin kumfar. "Wannan kam ka iya."

Wanzami ya gama, ya goge masa fuska da tawul mai ɗumi, ya juya yana wanke askar a kwano, yana ba shi labarin yadda masu zuwa aski ke tambaya ko yana gyaran janareta. Bai ji dariya ba. Da ya waiwayo, kan tsohon ya ɗan karkata wajen taga, fuskarsa fes. Wanzami ya ajiye askar, ya riƙe hannun da ya daina rawa, sannan ya kira Auta.

Mutane sun zo gaisuwar ta'aziyya har kujeru suka kasa. Wani ya mirgino gumaguman reshen nan, aka jera su a gindin mangwaro, baƙi suka zazzauna. Da yamma ta yi aka watse, ba wanda ya mayar da su. Wanzami ya fito ya tarar da su a zagaye, iska ta zubo busassun ganye a kan wasu. Ya share ɗaya da tafin hannu ya zauna. Itacen bai gama bushewa ba, yana ta ƙamshin ɗanyen mangwaro.