Magaryar Ƙofar Gidan Malam Kong

Igiyar awon hanya ta zo ta ratsa gindin magaryar, sai mai riƙe da bakinta ya tsaya ya dubi Kong Lingyu. Mutanen layin da suka biyo su tun daga bakin titi suka kewaye wurin.

A daminar da ta wuce motar asibiti ta kasa shiga layin nan. A kan ƙyaure aka fito da wata mai naƙuda, jaririn bai zo da rai ba. Daga nan majalisar ƙauye ta yanke cewa duk abin da ya ci hanya za a cire shi, katanga ce ko rumfa. Lingyu ce shugabar ƙauyen, ita ma ta kawo shawarar. Magaryar kuwa ta ƙofar gidan mahaifinta ce, marigayiya uwarta ce ta dasa ta shekarar da aka kawo ta amarya.

"To, Shugaba," in ji Meng Guozhu, wanda rumfar tafarnuwarsa ta cinye kusan rabin hanyar, "tun safe igiyar nan ba ta san sunan kowa ba. Ko yanzu za ta fara koyo?"

Aka yi 'yar dariya. Wani dattijo ya daka masa tsawa, ya ce ai mahaifinta Malam Kong ya koyar da kowa a nan karatu, kuma bishiyar mamaciya ba rumfar kwano ba ce. A ɗan karkatar da hanyar ta ɗaya gefen mana, shi ke nan. Kawuna suka fara gyaɗawa.

A ɗaya gefen kuwa ɗakin girkin Gwaggo Yan ne, wadda mijinta ya rasu, kuma ko taku ɗaya bai shigo hanya ba.

"Ba komai," in ji tsohuwar, tana murza bakin rigarta. "Sai in riƙa girki a tsakar gida. Malam ai ya yi wa 'ya'yana komai."

Lingyu ta ce a ba ta ɗan lokaci, ta shiga gida.

Ta sami mahaifinta a tsakar gida yana rubutu da dogon buroshi da ruwa a kan daɓe, rana tana shanye haruffan kafin ya kai ƙarshen layi. Rabin ƙauyen sunansu Kong, zuriyar Babban Malamin da ya koya wa sarakunan dā yadda ake mulki, amma babu mai riƙe da wannan dangantaka kamar tsohon.

"Na ji komai," ya ce, bai ɗago ba. "Da hannu biyu suka ba ki damar barin bishiyar, don girmamawa. Kakanmu ya koyar cewa da kunya da mutunci ake riƙe jama'a. Igiya ta dabbobi ce."

"Kunyar ce ta sa Gwaggo Yan za ta rasa murhunta, Baba. Ba ta iya cewa a'a a gabanka."

"Ke mutumiyar kirki ce, kowa ya sani. Sau ɗaya ba zai ɓata ki ba."

"Wanda zai gaje ni fa? Shi ma yana da uba."

Ya ajiye buroshin. "Kuma kakan namu bai ce 'ya ta saɓa wa mahaifinta ba."

"Kai ka koya min cewa in uba zai yi kuskure, a faɗa masa a hankali. Ga shi a hankali nake faɗa." Ta nuna magaryar. "Ni ma a ƙarƙashinta Inna take yi min kitso."

Ya daɗe yana kallon rassan da suka leƙo ta kan katanga. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita, ta bi bayansa.

A gaban kowa ya tsaya wajen Gwaggo Yan, ya sunkuyar da kai har sai da tsohuwar ta ja da baya don kunya.

"Ki yi haƙuri, mun kusa cin alhakinki," ya ce. Ya juya ga mai igiya. "Yadda ka auna wa kowa, haka za ka auna min. A kawo zarto."

Guozhu ya sosa ƙeya, ya yi tsaki, ya ce shi dai yau an gama da shi. Ya tafi neman tsani. Kafin zarto ya kai tsakiyar gindin, ana jin ƙarar kwanon rumfarsa yana sauka.

Da rana Lingyu ta kawo wa mahaifinta kunun gero da burodin da aka turara. Ba inuwar magarya, haske ya cika tsakar gidan, ya yi yawa.

"Na gode, Baba," ta ce.

"Waccan maganar ta ɗan ƙauyen nan ce, ita na yi a waje," ya ce. "Mijin uwarki bai yafe miki ba tukuna."

Ya gutsuri burodin, ya tura mata rabi.

"Zauna ki ci, zai huce."