Rabin Maganar Hezekiah a Kan Shugaba Adams

A walimar ranar 'yancin kai ta 1800, al'adar ƙauyen ce kowane magidanci ya miƙe da kofi ya faɗi albarkacin bakinsa kan shugaban ƙasa. Hezekiah Tuttle, mai gyaran takalma, tun kafin layi ya iso kansa yake gumi. A ganinsa Adams ya kyauta da ya nemi sulhu da Faransa, amma kuma shi ya sa hannu a dokar ɗaure masu sukar gwamnati. Ga alƙali a gefensa yana yagar talotalo.

"Tashi mana, jarumi," in ji surukinsa. "Ko gwiwar ce ta ƙi?"

Ya miƙe, ya yabi sulhun, ya zauna. Sauran maganar kuwa, dokinsa ya gaya wa a hanyar gida, ko a nan ma sai da ya waiga kada wani ya ji.