Furfurar Zuwena

Da safe ne abin ya fara. Zuwena ta shiga ɗakin uwarta da kofin kunu, kanta ba ɗankwali saboda zafi. Kafin ta buɗe baki ta yi gaisuwa, tsohuwar ta sauko da ƙafafunta daga gado, ta sunkuyar da kai, ta ce da siririyar murya irin ta yara, "Shikamo, Mama."

Zuwena ta tsaya cik da kofi a hannu. Tun tana ƙarama ita ke faɗin wannan kalma kowace safiya, uwarta Bi Shemsa ta amsa mata da marahaba, wani lokaci ko dubanta ba ta yi. Gaisuwar ƙarami ce ga babba, ba ta juyawa. A duk garin Pangani ba a taɓa jin uwa ta yi wa 'yar cikinta shikamo ba.

"Ni ce, Mama. Zuwena."

Tsohuwar ta yi murmushi kamar an yi mata wasa. Ta miƙo hannu ta shafa farin gashin, ta karɓi kunun ta shanye tas. An daɗe rabon da ta shanye kofi guda.

Bi Shemsa mai kitso ce tun ƙuruciya. Bayan rasuwar mijinta hankalinta ya fara gushewa, ido kuma ya yi rauni, har fuskar mutum ta daina gaya mata komai. Amma kai bai ɓace mata ba. Duk macen da ta shigo, sai ta jawo ta, ta zame mata ɗankwali, ta bi gashin da yatsu, sannan ta faɗi sunanta. Wadda ta hana a taɓa mata kai, to, ɓarauniya ce, sai ta fita.

Shi kuwa kan Zuwena, furfurar gado ce a kansa. Kakarta Bi Hidaya, wadda ta rasu Shemsa tana yarinya, an ce kanta ya yi fari fat tun ba ta tsufa ba. Zuwena ta fara ganin tata tana da goyon fari, ta shiga rufe ta da piko, baƙin rinin da ake zana wa amare hannu da shi. Shekara da shekaru ba abin da ya same ta. Sai bara kanta ya kama wuta, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Likita ya ce jikinta ya ƙi rinin, in ta sake, yana iya zama maƙogwaro ne zai kumbura. Ta daina. A hankali fari ya taso daga ƙasa yana ture baƙi, jiya da yamma ta sa aka yanke sauran baƙin, yau ga abin da ya biyo baya.

Gidan ya samu sauƙin da bai taɓa samu ba. Tsohuwar da ke watsar da abinci, ta zagi mai yi mata wanka, yanzu in Zuwena ta ce buɗe baki sai ta buɗe. Tana cin shinkafa da miyar kwakwa, tana roƙon a ƙara mata kifi. Ta daina tambayar inda mijinta ya tafi, don yarinya ba ta da miji. Abu ɗaya ne ya rage. Kowace safiya za ta sunkuya ta yi gaisuwa, ta tsaya tana jira, Zuwena kuwa sai ta ce, "Kin tashi lafiya?" ta kau da zance. Bakinta ya ƙi furta marahaba.

"Mama, na yi laifi ne?" tsohuwar ta tambaye ta wata rana. "Ba ki amsa ba."

Ƙanenta Kombo ya zo daga Tanga ranar Juma'a, ya ga komai da idonsa. Da suka fito tsakar gida ya kasa riƙe dariya.

"Ashe ke ce kakata ban sani ba. Kaka, a ba ni na alewa mana."

"Kai fa ba ka da hankali."

"Yaya, tana ci, tana barci, ba ta zagin kowa. Ni ma yau ba ta kira ni shashasha ba. Me kike nema kuma?"

"Kai ka samu naka."

Ya gane abin da take nufi, dariyar ta tafi. Ranar aurensa, a gaban mutane, Bi Shemsa ta dafa kansa ta ce ta yafe masa, ta yarda da shi duniya da lahira. Ita Zuwena ba a taɓa faɗa mata haka ba. Ba wani babban laifi ne tsakaninta da uwar ba, halinsu ne ya zo ɗaya, kullum cikin sa-in-sa. In ta nemi yardar, uwar ta ce, "Sai ranar da zan tafi. In na ba ki yanzu, da me zan riƙe ki?" Ana dariya ake faɗa. Ba wanda ya zaci hankali zai riga rai tafiya.

"Allah ya san wahalar da kike yi da ita," in ji Kombo.

"Allah ya sani. Ni ce nake so in ji."

Ta daɗe tana juya abin a ranta. In ta bar furfura, uwarta na cikin kwanciyar hankali, amma ba ta da 'ya mai suna Zuwena, kuma wadda ba ta da 'ya ba ta da yardar da za ta ba ta. In ta rina, ta sa ranta a hannu. Ta tambayi kanta ko don tsohuwar take so a gane ta, ko don kanta. Ta san amsar, ba ta yi mata daɗi ba, amma hakan bai hana ta tashi ta tafi gidan Mwajabu ba.

Mwajabu ƙawarta ce tun makarantar allo, ita ke yi wa rabin amaren garin zane. Ta saurare ta har ƙarshe tana tankaɗe lalle.

"Ke, ƙawata, kin gaji da duniya ne? Ni fa na kai ki asibiti bara, fuskarki kamar kabewa. Mai motar ma sai da ya tambaya ina gabanki yake."

"Sau ɗaya kawai."

"Ga lalle, ba ya cin kowa."

"Ja zai mayar da shi. Ba ta taɓa ganina da jan kai ba, ihu za ta yi min."

"To ki amsa mata gaisuwar mana. Kalma ce. Ni ina amsa wa yaran da ban san iyayensu ba kullum."

"Uwarki ta taɓa sunkuya miki?"

Mwajabu ta ajiye rariya. Can ta jawo ƙaramin kwanon piko.

"Zan bi ta saman gashi, ba zan taɓa fata ba, kuma ba zan bar shi ya jima ba. In kin mutu, ki gaya wa mala'iku na ce a'a."

Aka rina gashin ya koma baƙi. Kafin Zuwena ta isa gida ƙeyarta ta fara ƙaiƙayi. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa gaban gado, ta zame ɗankwali. Yatsun tsohuwar suka shiga gashin, suka tsaya, suka sake bi.

"Zuwena? Ina kika shiga ne? Wannan wane irin kai ne kamar sheƙar tsuntsu? Ba ki jin kunya, 'yar mai kitso?"

"Shikamo, Mama."

"Marahaba. Juyo nan."

Ta juya ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta. Hannun ya tsaga gashin, yana ja da ƙarfin da ta sani, fatar na zafi, ita kuwa hawaye na zuba ba ta share ba. Ta bari aka yi layi ɗaya, aka kama na biyu, sannan ta ce a hankali, "Mama, ina neman yardarki. Ki yafe min."

Hannun ya tsaya. Tsohuwar ba ita take kallo ba, ƙofa take kallo.

"Ina Mama?"

"Wacce?"

"Uwata. Nan take kullum, ita ke ba ni kunu. Da kika zo, ina ta tafi? Ke kika kore ta. Da ma haka kike, ba a zama da ke. Je ki kira min ita."

"Mama, ki saurare ni."

"Kawo min uwata, sannan ki yi min maganar yarda."

Ta ture ta da ƙafa, ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Maƙogwaron Zuwena bai kumbura ba, Allah ya kiyaye. Fuska ce ta cika, bayan kunne ya tsattsage yana ruwa, ta sha ƙwayoyin da suka rage na bara. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ke ɗakin. Bi Shemsa ta gane ta sarai yanzu, tana kiran sunanta, kuma ba ta karɓar komai daga hannunta. Kunu ya huce a kofi. Kifi ya kwana. Ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma sai Zuwena ta ajiye ta fita. Da ta ji motsi a tsakar gida sai ta ɗaga kai ta ce, "Mama?" in ta ga ba ita ba ce ta koma ta kwanta. Tsohuwar da ta rasa uwa tana yarinya ta sake rasa ta, wannan karon a hannun 'yarta.

Zuwena ta kira Kombo a waya ta gaya masa. Ya ce zai zo. Bai ce mata komai a kan rinin ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Piko ba ya fita da sabulu. Kafin farin gashi ya sake tasowa sai an yi watanni, mai wannan shekaru kuwa ba ta da watannin zama da yunwa. Zuwena ta zauna bakin murhu tana tunani. Da can furfurar tata ce, Allah ne ya ba ta, ba ta yi wa kowa ƙarya ba, tsohuwar ce ta ga abin da take so ta gani. Yanzu in za a dawo da Bi Hidaya, sai dai ita ta ƙera ta da hannunta, tana sane.

Ta warware kitson da aka fara. Ta shafa man kwakwa, ta ɗebi garin shinkafa ta barbaɗa, ta murza shi cikin gashin yana shiga gyambon yana yi mata raɗaɗi. Ba ta duba madubi ba. Ta ɗumama kunu ta shiga.

Tsohuwar ta juyo da ƙyar. Ta daɗe tana kallon farin da ke tsaye a kanta. Ta yunƙura za ta sauko, ƙarfi bai kai ba, sai ta sunkuyar da kai a inda take.

"Shikamo, Mama."

"Marahaba," in ji Zuwena.

"Kin daɗe."

"Na je unguwa ne."

Ta zauna bakin gado, ta tallafo ta. A nan wani tunani ya faɗo mata. Yarinya ba ta ƙin maganar uwarta. In ta ce mata ki yafe wa Zuwena, za ta faɗa, kalmomin za su fito daga bakin nan, kunnenta zai ji. Ta san ba hanya ce mai kyau ba. Duk da haka ta gwada.

"Shemsa."

"Na'am, Mama."

"'Yarki Zuwena fa? Ba za ki yafe mata ba?"

Tsohuwar ta rufe baki da hannu tana 'yar dariyar kunya.

"Wace 'ya kuma, Mama? Ni da ko aure ban yi ba."

Zuwena ta dube ta. Ƙasusuwan wuyan sun fito, leɓe ya bushe. Ta juya cokali cikin kofi, ta hura, ta ɗanɗana ta ji bai yi zafi ba.

"Haka ne," ta ce. "Na manta. Buɗe baki."