Hannuwan Turai a Shafi na Tara

A wata jami'a da ke Lyon, a ajin Madam Leïla, Hamdiya ta koyi cewa alheri ma ana auna shi. Bai isa ƙungiya ta ce ta taimaki mutane ba, sai ta nuna su nawa ne, yaya suke kafin ta same su, yaya suka koma bayan nan. Madam Leïla takan ce lambobi suna gamsar da masu ba da tallafi, amma labarin mutum guda shi ke sa su buɗe hannu. Ta kuma ba ɗalibanta ƙa'ida: duk wanda ka ɗauki labarinsa, ya sa hannu a takardar yarda, kai kuma ka sauya masa suna. Hamdiya ta ja layi biyu ƙarƙashin wannan. 'Yar Damagaram ce, ita ta zo ta ɗaya a makarantarsu, kuma tun da ta sauka Faransa ba ta bari a gyara mata kalma ɗaya sau biyu.

A watan Fabrairu na 2016 aka tura ta Paris aikin koyo na wata huɗu, a wata ƙungiya kusa da Porte de la Chapelle mai karɓar mata marasa muhalli da rana. Akwai wurin wanka, injin wanki biyu, shayi da burodi, da wani kabad mai ramuka inda wasiƙun matan ke sauka, don wadda ba ta da gida adireshin ƙungiyar take ba hukuma. Daga abin da za ta gani a nan ne Hamdiya za ta rubuta kundinta na kammala karatu.

Rana ta uku ta ji wata dattijuwa tana yi wa injin wanki faɗa da Hausa, tana ce masa maƙetaci mai cinye kallabi. Hamdiya ta russuna ta gaishe ta. Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambayi garinsu, da unguwarsu, da sunan kakarta. Sunanta Turai, 'yar Maradi. Daga ranar Hamdiya ke ce mata Inna, ita kuma tana ce mata 'yar boko.

Labarin bai fito a zama ɗaya ba. Turai ta zo Paris a 2004, ta yi shekaru tana sayar da atamfa da shadda a kusurwar wani shago a unguwar Château Rouge, tana kwana a ɗakin da ke samansa. Da aka sayar da ginin, kusurwar da ɗakin suka tafi tare. Shekara uku ke nan tana kwana duk inda aka samo mata gado. Amma kowace Juma'a sai ta yi wanka, ta goge shaddarta guda da ta rage, ta je ƙofar shagon yadin Alhaji Illo ta roƙi mai wucewa ya ɗauke ta hoto, ta aika wa 'ya'yanta a Maradi. Su a saninsu uwarsu na nan tana kasuwanci. Alhaji Illo kuwa ya ɗauka wata tsohuwar Baturiya take jinya a bayan gari. Abu ɗaya Turai take jira: wasiƙa daga ofishin farfe, hukumar da ke ba baƙi izinin zama, wadda za ta sa mata ranar zuwa kan takardun zamanta. Shekara biyu tana leƙa raminta a kabad.

Hamdiya ta san ta samu abin da Madam Leïla ke nufi. Ta kawo takardar yarda ta ce aikin makaranta ne, kuma za a sauya suna. Akwai wani layi a ƙasa da ya ce ƙungiya ma tana iya amfani da labarin. Ta karanta shi a ranta, ba ta fassara ba, don ta ga kamar ƙaramin abu ne. Turai ta karɓi biro ta ce, «In ke kika ce in sa, ai sai in sa.»

Hamdiya ta rubuta labarin da kyau. Ta mai da sunan Turai Fatou. Amma ta bar sunan Maradi a ciki, ta bar shadda, ta bar hoton Juma'a, domin a nan ne labarin ke kama zuciya. Shugabar ƙungiyar ta karanta har ta share ido, ta sa shi a rahoton shekara, shafi na tara, ta kuma ɗora a intanet. Ba a sa fuska ba. Hannuwa kawai aka ɗauka riƙe da kofin shayi, da zoben azurfa na Agadas da ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe tun yarinta.

Kwana goma bayan nan Turai ta daina zuwa.

Hamdiya ta hau metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ta sauka Château Rouge. Alhaji Illo ya amsa gaisuwarta har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba, sannan ya ce mata wata 'yar ɗan'uwansa ce ta ga rubutun ta fassara wa matan gida, kafin Juma'a ta zagayo kuma ya isa Maradi. Issa, babban ɗan Turai, ya kira shi yana kuka, yana tambaya ko gaskiya ne uwarsu a titi take. Hamdiya ta ɗaga kai ta ce ita ta bi ƙa'ida, ta sauya suna.

«Kin sauya suna,» in ji Alhaji, yana ninke yadi bai dube ta ba. «Mu nawa ne a nan, Malama? Matan Maradi nawa ke tsayawa ƙofata ran Juma'a? Ni da nake ganinta kullum na zaɓi kada in sani. Ke ko wata huɗu ba ki yi ba.»

Hamdiya ta sa aka sauke rubutun daga intanet a ranar, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. A mako na uku da ɓacewar Turai wasiƙar ta zo, da tambarin ofishin farfe. Dokar gidan ita ce ba a ba kowa wasiƙa sai mai ita. Hamdiya ta zare ta daga ramin ta sa a jaka. Ba ta buɗe ba. Ta ga ta riga ta buɗe abin da ba nata ba sau ɗaya. Ta bi masallatai, ta bi shagunan kitso, ta bi layukan rabon abinci. Duk Bahaushiyar da ta tambaya sai ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce ba ta sani ba. Wata ta ce mata ta je ta tambayi intanet.

A watan Yuni ta koma Lyon kare kundinta, wasiƙar na jakarta. Kwana biyu kafin ranar ta cire babin Turai gaba ɗaya, shafi talatin da ɗaya, ta miƙa abin da ya rage. Madam Leïla ta kira ta ofis ta ce wannan babin shi ne ƙashin bayan aikin, ba tare da shi ba kwamiti ba zai amince ba, kuma sabunta takardar zamanta ta ɗaliba na rataye da sakamakon. Ta ƙara da cewa a duba ko ta ina, Hamdiya ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba.

«Shi ya sa nake cire shi, Madam,» in ji Hamdiya. «Ƙa'idarku ta mutanen da ba su san juna ba ce.»

Kwamitin ya saurare ta minti ashirin, ya ce ta dawo a Satumba da sabon bincike. Ta yi musu godiya a tsaye, ta fita.

Ta koma Paris ta ci gaba da nema. Ranar wata Laraba ta sami Turai a unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar metiro, lokacin da kasuwa ke watsewa. Tana tsince tumatir daga akwatunan da masu kaya suka zubar. Ta rame, kuma babu zoben a hannunta. Hamdiya ta durƙusa a kan ƙazantar kasuwa ta gaishe ta. Turai ta amsa a taƙaice kamar yadda ake amsa wa baƙo a waya. Ta ce Issa ya roƙe ta ta koma gida, ita kuma ta ce masa ba za ta shiga Maradi ana nuna ta da baki ba. Ba ta ƙara aika hoto ba.

Hamdiya ta miƙa wasiƙar. Turai ta juya ta, ta ga ba a taɓa bakinta ba, ta mayar ta ce a karanta mata. An sa mata rana, ƙarfe tara na safe. Ranar ta wuce da kwana tara.

Turai ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a ƙirji, ta ci gaba da zaɓen tumatir, tana yar da ruɓaɓɓu. Hamdiya ta ce ana iya zuwa a bi layi a roƙi wata ranar, ko da za a yi watanni ana jira, kuma ita za ta raka ta ta yi magana.

«Ki zo,» in ji Turai. «Ina buƙatar bakinki. Amma ki bar biro a gida. Kuma kada ki sake ce mini Inna.»

Ran Litinin suka haɗu a ƙofar ofishin farfe, layi ya riga ya zagaye ginin. Turai ta goge shaddarta. Hamdiya ta tsaya bayanta da taki ɗaya, riƙe da jakar kayan Turai mai nauyi, ana yayyafi. Awa biyar suka yi a tsaye. Da jakar ta fara yanka mata yatsu sai ta sauya hannu, ba ta ajiye ta ƙasa ba.