Ni da Man Goge Baki

Shekara goma ina aikin jinya, ina yi wa mutane faɗa kan shafa wa ƙuna man goge baki. Ranar Asabar tafasasshen ruwa ya zubo mini a hannu. Sai ganina na yi a banɗaki ina matsa man.

Mama ta biyo ni da sandarta, ita da kullum nake ɗura wa madara don ƙashinta ya yi ƙwari. Ta fizge man, ta tura hannuna ƙarƙashin famfo.

"Ruwan sanyi, minti ashirin, ban da ƙanƙara. Ke kika koya mini."

Na ce, "Mama, kada kowa ya ji."

Ta ce, "To, ki rage mini madarar nan."